Yadda muka zaɓa wa autanmu makaranta bayan mun yi asarar shekara guda

Ranar da autan gidanmu ya je rajistar JAMB a farkon shekarar 2024, ni ne na zaɓa masa makaranta, kuma ban yi minti biyar ina tunani a kai ba. Muna tsaye cikin layi a wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta a nan Gombe, aka miƙo mana takardar da ake cikewa kafin a isa gaban mai shigar da bayanai, sai na karɓi biro daga hannunsa na rubuta sunan wata babbar jami'ar tarayya da ke nesa da jiharmu a gurbin zaɓi na farko, na rubuta injiniyancin lantarki a gabanta. Sauran guraben, na jami'a ta biyu da na foliteknik da na kwalejin ilimi, na cike su da sunayen da suka fara faɗo mini a rai, don kawai an ce ba a barin su haka nan. Auta bai ce uffan ba, domin tun rasuwar mahaifinmu ni ne makwafin uba a gidan, kuma a tarbiyyar da muka tashi a cikinta ƙane ba ya musu da wansa a gaban jama'a.

Da sakamakon ya fito ya sami maki 176 cikin 400. A WAEC kuma ya sami kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da wasu darussa uku, amma Kemistiri ya zo masa da D7, wanda ba ya cikin lissafi, tunda kiredit daga A1 yake farawa ya tsaya a C6. Allah ya taimaka ya sami C6 a Kemistirin NECO, saboda haka idan aka haɗa takardun biyu ya cika sharaɗin kiredit biyar a zama biyu. Da na ji an sanar cewa mafi ƙarancin makin shiga jami'a a wannan shekarar 140 ne, sai na shiga gida na yi wa Inna albishir cewa ɗanta ya haye da rarar maki 36, ita kuma ta fara kiransa Injiniya tun daga ranar.

Ashe hangen Dala ba shiga birni ba ne. Makin da ake sanarwa bayan taron shekara-shekara na hukumar JAMB da shugabannin makarantu ƙasan ma'auni ne, wato abin da ba a yarda wata jami'a ta sauka ƙasa da shi ba. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma yana jera masu nema ne daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, ya ɗebi adadin da yake da gurbinsu ya tsaya. A kwas irin injiniyancin lantarki ko likitanci ko lauya, ana cika guraben tun ba a zo kusa da mai 176 ba. Ban san wannan ba a lokacin, domin ni a zamanina da fensir muka rubuta jarrabawar, kuma ta shiga jami'a daban take da ta shiga foliteknik da kwalejin ilimi, sai a 2010 aka haɗe su suka zama UTME guda. Na ɗauki ilimin da ya tsufa da shekara ashirin na yi wa yaro jagora da shi.

Akwai kuma wani kuskuren da ba na ɗora wa kowa sai kaina. Auta ya yi rajista ne a matsayin mai jiran sakamakon sakandare, kuma ƙa'ida ita ce da zarar sakamakon ya fito a koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafin ɗalibi, domin makaranta ba za ta iya gabatar da sunan wanda ba a ga kiredit ɗinsa a can ba. Mu kuwa takardun suna cikin akwatin Inna an naɗe su a leda, sai da aka saki jerin sunaye na farko sannan wani abokinsa ya tambaye shi ko ya ɗora. A cikin wannan ruɗanin ne wani mutum, da aka haɗa ni da shi ta waya, ya ce yana da hanya, in kawo abin da ya sawwaƙa zai sa a fito da sunan yaron. Saura kaɗan in tura masa kuɗin. Wanda ya tsayar da ni maƙwabcinmu ne, malami a wata babbar makaranta, wanda ya bayyana mini cewa tun 2017 duk wani gurbin karatu na halas ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB yake bi, ɗalibi ya gan shi a shafinsa ya karɓa da hannunsa, kuma wanda aka shigar ta bayan fage yana iya gama karatunsa kaf sannan ya tarar ba a san da shi ba lokacin tafiya bautar ƙasa. Na riƙe kuɗina, amma shekarar ta tafi.

Da Kawu ya ga yaron yana zaune a gida daga barci sai waya, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai haɗa wutar sola a Tumfure, ya ce ya riƙa bin sa aiki kafin wata jarrabawar ta zagayo. Ni ban ɗauki abin da wani muhimmanci ba, na ɗauke shi maganin zaman banza.

A rajistar 2025 na ɗan yi hankali, na sa masa Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi a zaɓi na farko. Jami'a ce da aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka raɗa mata sunan Firayim Ministan Najeriya na farko a 1988, kuma an san ta da fannonin injiniyanci. Dalilina na biyu shi ne abin da maƙwabcin nan ya koya mini game da rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin da jami'ar take ba fifiko, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a harkar boko, kuma Gombe da Bauchi duk suna cikin wannan jerin. Jami'ar da na zaɓa a shekarar da ta gabata, jiharmu ba ta cikin yankinta, don haka tun daga farko na rufe wa yaron ƙofa ɗaya cikin uku ba tare da na sani ba.

A watan Mayu sakamako ya fito, Auta ya sami 198. A wannan shekarar, cikin kusan mutum miliyan 1.95 da suka rubuta jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, don haka makin nasa ba abin kunya ba ne. Sai dai maki ne mai wuyar sha'ani, wanda ya isa ya sa mutum ya sa rai amma bai isa ya kwantar masa da hankali ba. A watan Yuli aka sanar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi. Wannan karon ban yi wa Inna albishir ba. Na biya kanti na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, na ce da Auta bayan sallar isha'i ya zo da takardunsa duka mu zauna.

Abin da muka fara rubutawa shi ne abin da yake hannunmu, ba tare da ƙari ko kwaskwarima ba: maki 198, darussan da ya rubuta a JAMB su ne Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, kiredit biyar a zama biyu, Kemistiri a bakin iyaka. Wannan layin kaɗai ya share mana abubuwa da yawa. Duk wani kwas na lafiya ya fita, domin likitanci da aikin jinya suna buƙatar Bayoloji a cikin darussan JAMB, shi kuwa bai rubuta ba, saboda haka shawarar da wata 'yar uwarmu ta kawo ta a gwada Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare ta faɗi tun kafin a tattauna ta. Sai muka buɗe kundin JAMB a waya, wanda yake nuna kowane kwas da makarantun da ke koyar da shi da sharuɗɗan kowacce, muka riƙa bi layi-layi muna duba inda aka yarda da zama biyu. Na ba kowane mai neman makaranta shawarar ya karanta kundin nan da idonsa, domin rabin abin da ake faɗa a majalisa game da sharuɗɗan shiga jita-jita ne.

Daga nan muka jera makarantun da ke tsakanin Gombe da Bauchi waɗanda takardunsa za su iya shiga. A gida akwai Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, wadda aka kafa a 2004, inda zai iya neman Fiziks. Akwai Jami'ar Tarayya ta Kashere a ƙaramar hukumar Akko, ɗaya daga cikin waɗanda aka buɗe a 2011. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fannin fasaha da ke kan hanyar Ashaka, inda ake horar da malaman koyar da sana'o'in fasaha a ba su NCE cikin shekara uku. Akwai Foliteknik ta Tarayya a Kaltungo da ta jiha a Bajoga. A Bauchi kuma, ban da jami'ar da muka riga muka zaɓa, akwai Foliteknik ta Tarayya da ke Gwallameji a kan hanyar Dass, wadda take nan tun 1979, da Foliteknik ta Abubakar Tatari Ali ta gwamnatin jiha, da Jami'ar Sa'adu Zungur mai hedikwata a Gadau. Jami'o'i masu zaman kansu ko rubuta su ban yi ba, saboda na san abin da ke aljihuna.

Ni a raina na riga na yanke hukunci cewa Fiziks a Jami'ar Jihar Gombe ya fi. Shekara huɗu ne, digiri ne, zai riƙa kwana a gida ya ci tuwon Inna, Keke Napep ɗaya zai kai shi bakin ƙofar makaranta. Da na faɗa masa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk yadda ka ce, Hamma." Na san wannan amsar, ita ce ya ba ni a layin rajista a shekarar da ta wuce, kuma na ga inda ta kai mu. Sai na rufe littafin na ce ranar Asabar zan bi shi wurin aikinsu.

Gidan da suke aiki ranar a bayan Tumfure yake, sabon gini mai rufin kwano, kuma tun ƙarfe tara kwanon ya yi zafin da ba a taka shi sai da takalmi. Ubangidansa ya tafi kasuwa sayen waya, ya bar shi da maigidan, wani dattijo ɗan fansho da yake son ya san dalilin da ya sa aka ce batir ɗaya ba zai ishe shi ba. Ina tsaye a inuwa na ga Auta ya yago gefen kwalin da aka kawo inbata a ciki, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan gida suke amfani da ita, ya tsuguna ya fara tambayar dattijon: fanka nawa, ƙwan fitila nawa, firij ɗin kwana yake yi a kunne ko da rana kawai. Ya rubuta ƙarfin da kowanne yake ja, ya ninka da awannin da ake amfani da shi, ya tara, sannan ya nuna masa abin da zai rage a batir ɗin da ƙarfe biyun dare. Ya yi masa bayanin cewa inbatar tasa mai bolt 24 ce, don haka dole a jera batir biyu masu bolt 12 a haɗa kan wannan da gindin wancan, ya kuma ɗauko guntuwar siririyar waya ya ce idan aka yi rowar kuɗin waya aka sa irin wannan, za ta riƙa ɗaukar zafi har wata rana ta narke. Dattijon ya juyo ya tambaye ni ko yaron ya gama makaranta ne. Wannan shi ne yaron da Kemistiri ya kusa kayarwa, wanda a gida ba ka jin maganarsa sai in an tambaye shi, ga shi yana lissafi a kan kwali babu ko gogewa.

A hanyar dawowa na tambaye shi abin da yake so, na kuma ce kada ya ce mini duk yadda na ce. Ya yi shiru har muka wuce shataletale, sannan ya ce shi ba ya ƙin karatu, amma yana son inda za a ba shi abu ya kwance ya ɗaura, kuma akwai abubuwa a cikin inbata da ubangidansa yake canzawa ba tare da ya san dalilin lalacewarsu ba, shi dalilin yake son sani. Ya ce wani da suke aiki tare ya yi difloma a fannin lantarki a Foliteknik ta Tarayya ta Bauchi, kuma shi ne kaɗai a cikinsu yake iya karanta zanen da ke zuwa a takardar na'ura. Ya daɗe yana son ya faɗa mini, amma ya san ra'ayina a kan foliteknik.

Ya kuwa san shi, domin ban taɓa ɓoye shi ba. Ni HND gare ni, wato babbar diflomar foliteknik, kuma na shafe shekaru a aikin gwamnati ina kallon waɗanda na koya wa aiki suna wuce ni saboda takardarsu digiri ce. Bambancin da ake nunawa tsakanin mai HND da mai digiri tsohon ciwo ne a ƙasar nan, an sha yin alkawarin kawar da shi, har Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudiri a kansa a 2021, amma wanda yake cikin ofis ya san abin da yake gani. Tun Auta yana firamare na ɗaukar wa kaina alkawarin ba zai taka ƙofar foliteknik ba. A daren nan na gane cewa littafin da na saya yana da shafin maki da na sha'awa da na kuɗi, amma akwai wani shafi na huɗu da ban rubuta ba, kuma shi ne yake juya sauran: haushin da nake ji game da aikina. Haushin yana da tushe, ban janye ko kalma ɗaya daga cikinsa ba, sai dai nawa ne, kuma yaron da yake so ya rayu da sana'ar hannunsa ba lallai ne ya gamu da bangon da na gamu da shi a ma'aikata ba.

Duk da haka ban miƙa wuya nan take ba, sai da na yi lissafin shekaru, kuma lissafin ne ya ƙarasa abin da kwalin inbata ya fara. Digirin injiniyanci shekara biyar ne. Hanyar foliteknik kuma shekara biyu ce ta ND, wato ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a masana'anta ko kamfani, sannan shekara biyu ta HND, jimla biyar, kuma mai HND da ya yi karatun cikakken lokaci yana zuwa bautar ƙasa kamar mai digiri. Idan kuma ya gama ND da sakamako mai kyau, yana iya sayen fom ɗin shiga jami'a kai tsaye na JAMB, a ɗauke shi a aji biyu ya yi shekara huɗu, jimla shida. Wato ko da digirin ne muka nace a kai, bi ta foliteknik shekara ɗaya kawai zai ƙara masa, daidai da abin da zai rasa idan ya tsaya a kan jami'a bai samu ba ya sake zaman jiran JAMB ta uku, da bambancin cewa a hanya ta farko yana da takarda a hannu da shekara biyu a ɗakin gwaji. Na kuma tambayi maƙwabcinmu batun sunan Injiniya da Inna take so, ya ce hukumar COREN mai rajistar masu aikin injiniyanci tana da rukunai daban-daban, mai digiri tana yi masa rajista a matsayin injiniya, mai HND kuma a rukunin masana fasahar injiniyanci. Na rubuta wannan a littafin na nuna wa Auta, domin ya shiga da saninsa.

Shafin kuɗi shi ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi ba ni mamaki. Da farko kuɗin makaranta kawai nake tambaya, sai wani abokin aikina mai 'ya'ya biyu a manyan makarantu ya yi dariya ya ce wannan ai shi ne ƙaramin cikinsu. Na koma na jera komai: kuɗin karɓar gurbi, kuɗin rajista, masauki, abinci, motar zuwa da dawowa hutu, abin hawa na kullum, buga takardun darasi, data, da kayan zane irin su allo da ma'aunai da ake buƙata a ajin farko na kowane karatun injiniyanci. Da na tara na shekara guda sai na ga haya da abinci sun fi kuɗin makarantar nesa ba kusa ba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi. Sannan na ninka da shekarun karatun, na ɗan ƙara wani abu saboda shekarun da ke kan takarda ba kullum suke zama na zahiri ba: yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma malaman foliteknik su ma suna da ƙungiyarsu da takan tafi nata. Na kuma lura cewa makarantun jiha galibi suna cajin wanda ba ɗan jihar ba fiye da ɗan gida, don haka a makarantun gwamnatin Bauchi mu baƙi ne, duk da cewa kafin 1 ga Oktoban 1996 jiharmu ɗaya, kuma takardar haihuwata har yau Jihar Bauchi ce a rubuce a samanta. Wannan ya sa muka tsaya a kan ta tarayya.

Da wannan lissafin, Bauchi ta fi ƙarfina idan har sai an kama masa ɗaki. Abin da ya sauya lamarin shi ne Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda take aure a Yelwan Tudu, ba nisa da Gwallameji. Na ɗauko waya zan kira ta, Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Ba a tura yaro gidan mutane ta waya. Ka shirya mu je." Muka hau mota muka bi ta Alkaleri muka haye gadar Dindima, tafiyar kilomita 150 da ɗoriya, da buhun masara a but ɗin motar. Sai da aka ci abinci aka yi la'asar sannan Inna ta kawo maganar a gaban mijin Goggo, shi kuma ya ce ɗakin soro yana nan babu kowa tun da babban ɗansu ya yi aure. Ban ɗauki wannan a matsayin kyauta ba, na rubuta a littafin abin da zan riƙa aikawa na hatsi da cefane kowane zango, domin zumunci ma yana son a riƙa yi masa ban ruwa. Ko da hakan, adadin ya sauko zuwa abin da albashina zai iya ɗauka ba tare da na taɓa kuɗin makarantar 'ya'yana ba.

Mun kuma duba rancen ɗalibai na NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024 aka buɗe shafin nemansa a watan Mayun shekarar. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, har da foliteknik da kwalejojin ilimi, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ɗalibin da ya nema kuma ana ba shi naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Tambayar farko da Inna ta yi ita ce ko akwai ruwa a ciki, na ce babu, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ta ce duk da haka bashi sunansa bashi. Muka yi matsaya cewa ba za mu gina lissafinmu a kansa ba, zai nema bayan ya sami lambar ɗalibi, idan ya fito ya rage mini nauyi, idan bai fito ba karatu ba zai tsaya ba.

Abu na ƙarshe da na tabbatar kafin mu motsa shi ne cewa kwas ɗin yana da amincewar hukumar NBTE, wadda take kula da foliteknik kamar yadda NUC take kula da jami'o'i, NCCE kuma kwalejojin ilimi. Daga nan muka koma cibiyar jarrabawa, muka biya kuɗin canjin makaranta, Auta ya dangwala yatsa, aka mayar da Foliteknik ta Tarayya ta Bauchi zaɓinsa na farko, domin makarantu da yawa ba sa duba wanda ya ajiye su a na biyu. A zaman nan ɗaya na sa aka buɗe shafinsa na ga sakamakon WAEC da na NECO duka suna ciki da idona, aka buga mana takarda na ninke na sa a aljihu. Wannan karon shi ya riƙe biron, ni ina tsaye a bayansa. Ya cike fom ɗin tantancewa na makarantar da ya fito, muka karɓo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, muka shiga jira.

Ranar da gurbin ya bayyana a CAPS yana kan wani rufi a Pantami, ya kira ni muryarsa tana rawa ya ce, "Hamma, sun ba ni. In karɓa?" Na ce ya karanta mini sunan kwas ɗin tukuna, domin wani lokacin akan ba ɗalibi wani kwas daban da wanda ya nema, kuma idan ya danna karɓa ya rufe wa kansa sauran. Ya karanta, difloma ce ta ƙasa a fasahar injiniyancin lantarki da na'urorin lantarki. Na ce ya karɓa. Da yamma muka je aka buga takardar shaidar samun gurbin daga shafin JAMB, Inna ta sa ta a cikin ledar nan ta akwatinta, bayan na tabbatar an yi kwafi uku.

Yanzu yana Yelwan Tudu, yana zuwa makaranta da safe, ranakun Asabar kuma ya sami wani mai sola a Bauchi da tsohon ubangidansa ya haɗa su, abin da yake samu a can yana ɗauke masa kuɗin data da na buga takardu. Inna ba ta daina kiransa Injiniya ba, ni kuma ban gyara mata ba. Maganar abin da zai biyo bayan ND mun ajiye ta sai sakamako ya fito, ko da yake a hutun da ya zo ya faɗa mini cewa zuciyarsa ta fi karkata ga shekarar sanin makamar aiki da HND, ni kuwa har yanzu fom ɗin shiga jami'a kai tsaye nake hange. Na buɗe sabon shafi a littafin na rubuta hanyoyin biyu da shekarun kowacce da kuɗinta, na bar wurin makin fanko.